Shekarar Baƙunta a Ngala

Tun kafin a san jami'a a ƙasar Hausa, mai neman ilmi ba ya ƙare karatunsa a zauren malami ɗaya. Shehu Usman Ɗanfodiyo har Agadas ya bi Malam Jibrila, gardawa kuwa sai sun yi gabas sun zauna tsangayun Borno kafin a sallama musu. Boko ma ya zo da irin wannan ta wata ƙofa: ɗalibin da ke karanta harshen waje yakan bar jami'arsa a aji uku, ya je ya yi zaman baƙunta a wata makaranta, sakamakonsa ya biyo shi gida.

A da ƙetare ake tura su. Da darajar naira ta zube bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, kuɗin jirgi da na masauki suka gagari jami'o'i da iyaye. Shi ne gwamnatin tarayya ta buɗe Ƙauyen Faransanci a Badagry ta jihar Legas a 1991, sannan Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992. An zaɓi Ngala ne saboda Larabawan Shuwa da ke zaune a yankin, ga Kamaru tsallaken kogi, ga Chadi ba nisa.

Mu da muka bi ta can mun tafi da taƙamarmu. Kowa gwani ne a ajinsu, ya haddace ƙa'idojin nahawu, malamansa sun san sunansa. A Ngala babu wanda ya san ka. Za a haɗa ɗan Sakkwato da ɗan Ilori da ɗan Ibadan a ɗaki ɗaya, Hausa ba ta kai ga kowa ba, Yarbanci ma haka, dole bakin kowa ya koma Larabci, ko da neman aron bokiti ne. Na ga wani Bayarabe, shiru-shiru, ya miƙe ranar munazara ya yi ta zuba hujja babu takarda a hannu, mu masu i'irabi muna zaune muna haɗa jimla a zuci. Daga ranar kowa ya san inda karatunsa ya tsaya.

Kasuwar Gamboru, maƙwabciyar Ngala, kuma aji ce ta daban. Ka tsaya gaban Bashuwa mai nono da man shanu, ka jero mata Larabcin littafi, ta amsa maka da nata na gida, da sauri, tana auna maka da ludayi. Sai ka yi kwanaki kana kasa kunne kafin ciniki ya faɗa ba tare da nuni da yatsa ba. Gani ya kori ji: a nan muka tabbatar harshe abin rayuwa ne, da shi ake taya kaya, ake rarrashin yaro, ake gaishe da maras lafiya.

Rikicin Boko Haram ya yi wa wannan tsari mummunar illa. An kai wa Gamboru Ngala hari a watan Mayun 2014, mutane da yawa suka rasa rayukansu, karatun kuma ya koma Maiduguri. Malamai sun yi ƙoƙari sun riƙe shi, Allah ya saka musu, amma ƙannenmu sun rasa waccan kasuwa da waɗancan maƙwabta.

Abin da na ɗauko daga shekarar shi ne, ɗalibi ba ya sanin awonsa sai ya zauna gaban malamin da bai san shi ba, cikin abokan da ba su ji labarin ƙwazonsa ba. Wannan alheri bai kamata ya tsaya kan masu karanta harsuna ba. Turai ta gane haka, tun 1987 shirin Erasmus ke kai ɗalibai zangon karatu a jami'o'in juna. Me zai hana mai karanta aikin gona a Sakkwato ya yi zango ɗaya a Abeokuta ya ga noman rogo da koko, na Abeokuta ya zo Samaru ya ga binciken dawa da gyaɗa? Abin da ake buƙata shi ne jami'o'i su amince da makin juna, su tanadi masauki mai tsaro, musamman ga 'yan mata. Iyaye kuma, idan damar ta samu kuma hanya ta yi lafiya, ku sa wa yaran albarka, ku bar su su je.