Kafur da Jijjigar Yara: Tambayar da Ba a Cika Yi Ba

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a tsakanin duwatsun Dutse, mura da tari sukan cika gidaje, kasuwar man zafi kuma ta buɗe. Daga kantunan magani na cikin gari har kasuwar Shuwarin, ana sayen man shafawa mai ƙamshin kafur kamar yadda ake sayen gishiri. Uwa ta shafa wa jariri a ƙirji, ta ɗan lakuta masa a hanci, wani lokaci a narka shi a ruwan zafi a yi masa sirace. Babu mai zargin kafur, domin an saba da shi a akwatin tufafi, kuma da shi ake wankan gawa. Sai dai sabo bai sa ya daina zama guba ga ƙaramin yaro ba.

Kafur yana narkewa a cikin mai, don haka yana saurin ratsa hanji da fata da huhu ya isa ƙwaƙwalwa, inda yake zaburar da jijiyoyi fiye da kima. Yaron da ya haɗiye shi zai iya fara jijjiga cikin mintoci kaɗan, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba. Ƙa'idar cibiyoyin kula da guba na Amurka ita ce a garzaya asibiti idan abin da aka haɗiya ya wuce miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ga yaro mai kilo 10, wannan bai kai sulusin giram ɗaya ba.

Tun farkon shekarun 1980 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da man kafur mai ƙarfi, ta kuma kayyade kafur a kayan shafawa kada ya wuce kashi 11 cikin 100. Duk da haka, a 2009 mujallar Pediatrics ta kawo labarin yara uku a unguwar Bronx ta birnin New York waɗanda kafur ya jefa cikin jijjiga. A kudancin Indiya ma, wani bincike na 2021 ya duba mutum 350 masu jijjiga, ya danganta ta 55 daga cikinsu da mai irin na kafur da na ganyen bishiyar turare.

Abin damuwa a Jigawa shi ne, jijjigar yaro tana da sunayen da aka riga aka tanadar mata. A asibiti hankali yakan tafi ga zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, kuma da hujja, domin su ne suka fi yawa. A gida kuwa sai a ce iskoki ne. Tsakanin waɗannan biyu, gwangwanin da ke ƙarƙashin matashi yakan tsira daga tuhuma, har a sake shafa wa yaron bayan an sallamo shi. Sannan al'adar ɗura manja ko madara ga wanda ya sha guba tana ƙara dagula lamarin, tunda mai yana taimaka wa kafur shiga jini, ɗura kuma na iya shaƙe yaro.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. Ya kamata ma'aikatan lafiya, daga asibitin Rasheed Shekoni har ƙananan asibitocin Kiyawa da Jahun, su riƙa tambayar iyaye: me aka shafa masa, me ya shaƙa, me ya haɗiya? Ya kamata NAFDAC ta tilasta rubuta gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, a kan kowane gwangwani, ta kuma sa ido kan kafur da ake sayarwa a ƙulle babu takarda.

Kafin nan, nauyin yana wuyan iyaye. Kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba man da ke da kafur, kada a sa shi a hanci ko baki, a kuma ajiye shi inda hannun yaro ba ya kai. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaron a gefensa, kada a cusa masa cokali, kada a sa shi amai. A nufi asibiti, a tafi da gwangwanin a hannu.