Kafso a kan tire, miki a jikin kawu

Bara aka yi wa kawuna aikin gwaiwa. Likita ya rufe wurin da raga, wata 'yar saƙa ta roba da ake ɗinkewa cikin nama don kada hanji ya sake ɓullowa. Kwana shida da sallama, wurin ɗinki ya ɗan yi ja. Maimakon a mayar da shi asibiti, sai aka sayo kafso ja da baƙi wurin mai tire a kasuwa, aka fasa, aka barbaɗa a mikin, ya haɗiye biyu ya bar saura. Bayan mako uku sai ga ruwa da wari. Ƙarshenta sai da aka sake farke shi aka cire ragar, buhunan geronsa suka tafi wajen jinya.

Da na ba wani abokin aikina labari a makaranta, cewa ya yi laifin talauci ne, domin a Amurka akwai raga mai sakin magani da kanta. Gaskiya ne, akwai wadda ake shafe ta da rifampicin da minocycline, tana sakin su a hankali kwanakin farko don kada ƙwayoyin cuta su manne mata. In suka manne, sukan yi wani yauƙi da magani ba ya ratsawa, shi ya sa ake cirewa. Amma ban yarda da shi ba. Ragar nan ba ta da amfani sai in maganin da ke jikinta yana ci har yanzu, mu kuma kullum muna dakushe kaifinsa da hannunmu. Rifampicin ɗin nan fa shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. A nan gundumar Madarumfa, tsakanin 2012 da 2013, Epicentre ta ƙungiyar MSF ta yi bincike kan yara sama da 2,000 masu tamowa, aka ba wasu amoxicillin, wasu ba a ba su ba. Da aka duba bayan gidan wasu daga cikinsu, an ga waɗanda suka sha maganin sun fi ɗaukar ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Wannan magani ne na gaske, da awo, a hannun ma'aikatan lafiya. To ina ga wanda ya wuni cikin rana a kan tire, ana sayar da shi ƙwaya biyu-biyu kamar alewa?

Na san abin da za a ce: asibiti da nisa, farmasi da tsada, mai tire kuwa yana ƙofar gida har bashi yana bayarwa. Ban musa ba, kuma hukuma na da nata alhakin. Sai dai araha ba ta ado. Dala ashirin ta kafso ita ta cinye wa kawu noman shekara.

Iyaye, in an yi wa naku aiki, wurin ya yi ja, ko zafi, ko ya fara ruwa, ku koma inda aka yi aikin a ranar. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya ce. Malamai 'yan'uwana, yaran da ke gabanmu su ake aike sayen kafson nan. Mu koya musu su tambayi wanda ya aike su: Baba, wane likita ne ya rubuta?