Tsuke bakin aljihu, amma aljihun wa?



Maganar tsuke bakin aljihu ta dawo. A watan Oktoba 2023, da takunkumin CEDEAO ya kama bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kasafin kuɗin ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, daga miliyar 3290 na sefa zuwa miliyar 1980. An ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, amma har yau kalmar da muke ji ita ce a yi haƙuri.

Ba mu ce kar a yi tattali ba. Magidanci ma in rumbu ya yi ƙasa, rage awo yake. Sai dai na kirki daga kwanonshi yake farawa, ba daga na yara ba.

Ku tambayi iyayenmu, sun san wanga baƙo. Tsimin da FMI da Bankin Duniya suka kawo shi ya fiddo ɗalibai zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou, aka buɗe masu wuta a gadar Kennedy ta Yamai. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi. A 2005 kuwa, shekarar da yunwa ta ci jihar Maraɗi, aka ɗora harajin TVA na kashi 19 kan kayan masarufi, sai da jama'a suka rufe kasuwanni kafin aka sassauta.

Abin da aka soke da biro a Yamai, nan yake sauka: malamin kwantiragi na jiran kuɗinshi, yara na karatu a ajin zana, manomi na neman taki har damina ta raba.

Gaskiya dai, an rage kuɗin isansi zuwa sefa 499 a 2024, an kuma rage kuɗin likita da rabi. Mun gani, mun gode. To amma in ka je ba magani, famasi za a tura ka, ragin ya tashi a banza ke nan.

Tunda ana karɓar gudummawarmu a asusun FSSP, muna da bakin tambaya. Mi aka rage a motocin manya da tafiye-tafiyensu? Nawa aka taɓa a kason lakwal da na likita? A zo rediyo a faɗa muna da Hausa, layin waya a buɗe.