In Rabo Ya Faɗo Wa Ɗan'uwa, Dole Ne Ya Ba Da Shaida?

Tambaya ce da ya kamata dattawa su shirya mata tun ba ta zo ba. In mai bi ya ci miliyoyi a garaɓasar kamfanin waya ko ta banki, wajibi ne ya fito gaban ikilisiya ranar Lahadi ya ba da shaida? (Caca irin ta Baba Ijebu matsayinmu a kanta sananne ne, ba ita muke wankewa ba.) Amsarmu, ba wajibi ba ne, kada kuma a matsa masa.

Mu da muka rage a Kawo, Malali, Badarawa da Unguwar Rimi bayan rikicin 2000 da na 2002 ba mu da yawa, kowa ya san ƙofar gidan kowa. Abin da aka faɗa a majami'a da hantsi, kafin la'asar ya kai tashar Kawo. Ba mu kuma manta da ɗaliban makarantar Bethel Baptist da aka sace a 2021 ba, da irin wahalar da iyaye suka sha wajen haɗa kuɗin fansa. Masu garkuwa da mutane suna da kunne.

Ba a nan kaɗai ba ne. A Amurka, Abraham Shakespeare ya ci dala miliyan 30 a 2006, duniya ta sani, maroƙa suka yi masa caa. A 2009 wata da ta zo da sunan taimaka masa ta kashe shi. Sarki Hezekiya ma, da ya buɗe wa jakadun Babila taskokinsa, ai mun san saƙon da annabi Ishaya ya kawo masa.

Sai dai rufin asiri daban, ƙarya daban. Hananiya da Safiratu ƙarya ce ta kashe su. Wanda ya ɓoye wa matarsa, ko ya ci gaba da karɓar tallafin mabukata alhali asusunsa cike yake, ba ma bayansa.

Saboda haka muna roƙon dattawa: a karɓi baikon godiyar irin wannan ɗan'uwa cikin ambulan, fasto da ma'aji kaɗai su sani, kada magatakarda ya karanta suna cikin sanarwa. Shi kuma, kafin ya sa hannu a takardar karɓar kuɗi, ya tambayi kamfanin ko za su buga hotonsa riƙe da babban cekin nan, ya nemi a yafe masa in da hali.