Ciwon Kai Da Ya Ƙi Jin Magani

Mutanen Arewa sun san sanƙarau na lokacin zafi, musamman tun annobar 1996: zazzaɓi mai ƙarfi, wuya ya sandare, cikin kwana ɗaya ko biyu magana ta lalace. Amma akwai wani irinsa da ke zuwa a hankali, kuma shi ne muke so jama'ar Unguwar Sanusi da kewaye su sa wa ido.

Yakan fara da ciwon kai na mako biyu ko uku. A sha maganin maleriya, a koma na taifot, babu sauƙi. Sai mutum ya fara ruɗewa ko farfaɗiya, dangi su ce sammu ne ko iska. Sau da yawa gaskiyar ita ce ƙwayar cutar ƙanjamau ta daɗe tana cin garkuwar jikinsa bai sani ba, har cututtukan da ba su iya kada mai lafiya suka samu hanyar kama ƙwaƙwalwa. Cikinsu akwai tarin fuka, da kiriftokokus da ake samu a ƙasa da kashin tattabaru, da tokzofilasma da ke zuwa ta kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba.

Kowace da nata magani, saboda haka ba a yin lalube. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙirga ƙwayoyin garkuwa da ake kira CD4, kuma wanda nasa ya kasa 200 a nemi waɗannan cututtuka a jikinsa. Gwajin jini na 'yan mintoci yana nuna kiriftokokus, sannan a ɗebi ruwan gadon baya a tabbatar. In an same shi, sai an yi makonni huɗu zuwa shida ana jinyarsa kafin a fara maganin ƙanjamau, domin gaggawa a nan tana iya kashewa.

Muna kira ga likitocin Asibitin Yusuf Ɗantsoho da na Barau Dikko su riƙa ba duk baligin da ya zo da irin wannan ciwon kai shawarar gwajin ƙanjamau, ko fasto ne ko ɗan kasuwa. Masu shagon magani su daina riƙe marar lafiya. Shugabannin ikilisiya kuma su yi addu'a, sannan su raka shi asibiti, su kuma rufa masa asiri. Kunyar gwaji ba ta kai zafin makoki ba.