Araha Ba Ta Ado? Sauya Maganin Shaƙa da Aikin da Ke Jiran Masana Hausa a Birnin Gwari

A watan Agusta na shekarar 2023 kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, ya bar rarraba magungunansa a hannun dillalai. Sanarwar ta zo ne jim kaɗan bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira, don haka Ventolin, maganin shaƙa da masu ciwon asma suka fi sani, ya yi ƙaranci, kuɗinsa kuma ya ninninka. Tun daga lokacin magidanta da dama ke tsayawa gaban mai kemis suna shawara da zuciyarsu: a sayi wanda aka saba da shi, ko a koma ga wani mai rahusa? Ra'ayin wannan maƙala shi ne sauyin daidai ne, kuma babban haɗarin da ke cikinsa ya fi alaƙa da harshe fiye da ingancin magani.

Tambayar ta fi nauyi a ƙasar Birnin Gwari. Tsakanin garin da Kaduna akwai tafiyar fiye da kilomita 100 ta Buruku da Udawa, hanyar da ta shafe shekaru matafiya na bin ta da fargabar 'yan bindiga, kafin sulhun ƙarshen 2024 ya kawo sauƙi har aka sake buɗe kasuwar shanu. Mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku suna rayuwa ne da abubuwan da ke tayar da asma: ƙurar hunturu, hayaƙin ƙunar daji, hayaƙin itace a madafa, ƙaiƙayin sussuka da ƙurar ramukan zinariya. Wanda numfashinsa ya sarƙe da tsakar dare a irin wannan wuri ba shi da asibiti kusa. Abin da ke ƙarƙashin matashinsa shi ne likitansa har gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashen da samun magani ke da wuya.

Ta fuskar likitanci maganar a fili take. Ventolin sunan kasuwa ne. Sinadarin da ke aiki a cikinsa shi ne salbutamol, wanda ke sassauta tsokar da ta shaƙe hanyoyin iska cikin 'yan mintoci. Kowace fesa tana ɗauke da maikirogiram 100, gwangwanin kuma yakan ƙunshi fesa 200. Wasu kamfanoni suna yin wannan sinadari da wannan awo a ƙarƙashin wasu sunaye, kamar Asthalin na kamfanin Cipla na Indiya. Ɗanɗano ko ƙarfin fesar na iya bambanta, amma matuƙar maganin na da rajistar NAFDAC, bai kuma lalace ba, aikinsa ɗaya ne.

To amma ba haka Bahaushe ke jin zancen ba. Hausa ta saba mayar da sunan kamfani sunan jinsi: kowane garin sabulu omo ne, kowane dunƙulen ɗanɗano magi ne, ba a kuma ganin laifin sayen wanda ya fi araha. A fagen magani sai al'adar ta juye. "Bentolin" ya zama sunan maganin gaba ɗaya, saboda haka duk gwangwanin da bai ɗauki wannan suna ba sai a ɗauke shi a matsayin kwaikwayo. A bakin mai saye kalmomi biyu ne ke aiki, "orijinal" da "jabu", kuma babu kalma ta uku da ta zauna don maganin da yake sahihi amma na wani kamfani. Karin maganar "araha ba ta ado" sai ta cike wannan gurbi, ta yanke hukunci kafin a karanta kwali.

Masu wannan tsoro suna da hujja, domin jabun magani gaskiya ne a kasuwannin ƙasar nan, kuma mai asma ba ya son gwaji da ransa. Sai dai tsada ba ta taɓa zama shaidar inganci ba. Mai yin jabu ma sunan da ya fi tsada yake kwaikwaya, don a nan ribar take. Abin dubawa shi ne sunan sinadari, awonsa, lambar rajista da ranar lalacewa. Duk waɗannan da Ingilishi ake rubuta su, da ƙananan baƙaƙe, ga jama'ar da da yawansu ajami ko bokon Hausa kawai suke karantawa.

Sauyin da ya fi haɗari ma wani ne dabam, kuma shi ma a rashin kalma yake ɓuya. Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanyar numfashi idan ciwo ya tashi, kamar salbutamol, wanda galibi shuɗi ne. Akwai kuma mai kwantar da kumburin hanyoyin iska, kamar beclomethasone, wanda ake shaƙa kullum ko da ana jin lafiya. A Hausar yau da kullum duka biyun "abin shaƙa" ne ko "inhela". Idan kuɗi ya yi kaɗan, sai mara lafiya ya ajiye na kullum mai tsada ya riƙe shuɗin, yana ganin kamfani kawai ya sauya, alhali rabin maganinsa ya zubar. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da mai buɗewa kaɗai. Wani kuma yakan koma ga ƙwayar salbutamol ta haɗiya, wadda ke jinkirin aiki, ga rawar jiki da bugun zuciya. Haka nan idan aka sauya daga na fesawa zuwa na gari, salon shaƙar ya sauya: na fesawa a hankali ake zuƙarsa, na gari kuwa da ƙarfi.

Hatta sunan ciwon bai tsira daga ruɗani ba. Wasu na kiran asma "fuka", ga kuma "tarin fuka" da ke nufin tibi, cutar da ake ɗauka. Yaron da aka ce yana da fuka na iya fuskantar ƙyamar da ba ta da dalili, iyayensa kuma su riƙa ɓoye maganinsa. Kalmar "rigakafi", da wasu ke fassara maganin kullum da ita, ta riga ta tafi ga allura a tunanin jama'a, abin da ake yi sau ɗaya a huta.

A nan ne aikin ya dawo kan masana Hausa. An yi ƙoƙari a fannin ƙirƙirar kalmomi, an kuma samar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, amma kalmar da ta tsaya a mujalla ba ta isa kemis ba. Ya kamata sassan nazarin Hausa na Zariya da Kaduna da Kano su haɗa kai da masana haɗa magunguna, su fara da sauraron yadda mai kemis da mai saye ke magana a Birnin Gwari, Dogon Dawa, Kuyello da Randagi. Daga nan a gwada kalmomi kamar "mai buɗewa" da "mai tsarewa", da "ƙanin magani" ko "takwaransa" don sahihin magani na wani kamfani, a ga wacce kunne ya karɓa. Wadda ta zauna sai a buga ta da boko da ajami a 'yar takardar da za a liƙa wa kwali, a kuma kai ta gidajen rediyon Kaduna.

Takardar na iya ɗaukar wani bayani mai amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. Binciken da Heather Zar da abokan aikinta suka yi a Afirka ta Kudu, aka buga a mujallar The Lancet a 1999, ya nuna cewa gorar roba mai cin mililita 500, idan aka huda gindinta aka cusa bakin abin fesawa, tana taimaka wa yaro ya shaƙi maganin kamar yadda na'urar da ake sayarwa don haka ke yi. Irin wannan gora tana nan a kowace kasuwar ƙauye a gefen Kamuku. Abin da ya rage shi ne a rubuta yadda ake haɗa ta da Hausar da uwa za ta iya bi cikin dare, da fitila a hannu.