Sharhi: Ƙwayar Bitamin D da Masu Fama da Rashin Barci

Rashin barci idan ya daɗe yakan sa mutum ya karɓi duk abin da aka miƙo masa. Likitoci na ɗaukar sa a matsayin ciwo mai naci idan ya kai dare 3 a mako har tsawon wata 3: mutum ya kwanta yana ta juye-juye har kiran assalatu, gari ya waye da ciwon kai da saurin fushi da gyangyaɗi a bakin aiki. A 'yan shekarun nan, abin da ake yawan miƙo wa waɗannan bayin Allah shi ne ƙwayar bitamin D. Ana tallarta a Facebook da TikTok, ana sayen ta a kemis ba takardar likita. A ganina, ƙwayar nan maganin ƙarancin bitamin D ce kawai, kuma wanda ya mayar da ita maganin barci yana asarar kuɗi da lokaci, wani sa'in har da lafiya.

Maganar tana da tushe, ba a ƙi ba. A shekarar 2018 masana sun tattara bincike 9 da suka ƙunshi mutum sama da 9,000, suka ga masu ƙarancin bitamin D sun fi saura fama da matsalar barci. Amma ganin abu biyu tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Fatar jiki ce ke sarrafa yawancin bitamin D idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Ranar nan kuma tana da wani aiki daban: haskenta na safe da ke shiga ido shi ke saita agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, wanda ke sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi. To, a duba ma'aikacin da ke shiga mota da sassafe, ya wuni a ofis labule a sauke, ya dawo bayan magariba ya kwanta da waya a fuska. Bitamin ɗinsa zai yi ƙasa, barcinsa ma zai lalace, kuma duka biyun daga rashin fita rana suka fito. Ƙwaya za ta ɗaga masa adadin da ke cikin jini, amma ba za ta sa masa hasken safiya a ido ba.

Hanyar gane gaskiya ita ce a raba mutane gida biyu, a ba wasu ƙwayar ainihi, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta. An yi haka a Iran da mutum 89 na tsawon mako 8, kuma waɗanda suka sha bitamin ɗin sun ce barcinsu ya gyaru. Wannan shi masu talla suka fi ambata. Abin da ba sa faɗa shi ne gwajin garin Tromso na ƙasar Norway, inda rana kan yi makonni ba ta ɓullo ba a lokacin sanyi. A can an gwada mutum 189 waɗanda bitamin ɗinsu ya yi ƙasa, na wata 4, aka buga sakamako a 2021: babu wani bambanci a barcinsu. Idan har a wurin da ƙarancin ya tabbata ƙwayar ba ta kawo barci ba, da wuya a kafa hujja da ita a Kano ko Damagaram.

Wani zai ce, to ko ba ta yi amfani ba, ai bitamin ce, ba ta cutarwa. Nan ne kuskuren ya fi girma. Bitamin D ba ta fita da fitsari kamar bitamin C. A kitsen jiki take taruwa. Cibiyar kiwon lafiya ta Amurka ta ƙayyade wa baligi ma'auni 600 a rana, 800 ga wanda ya haura shekara 70, ta kuma ce kada a wuce 4,000. Akwai ƙwaya guda mai ma'auni 50,000, wadda likita kan rubuta a sha sau ɗaya a mako na ɗan lokaci. Wanda ya mayar da ita ta kullum, sinadarin kalsiyam zai cika masa jini, ya jawo amai, ƙishirwa, yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. Mai tashi fitsari sau da yawa cikin dare kuwa, ina ya ga barci?

Akwai waɗanda ƙwayar ta dace da su, kuma bai kamata a raina bukatarsu ba: matan da ke kulle ba sa samun rana a tsakar gida, tsofaffin da ciwo ya kwantar, da 'yan uwanmu mazauna Ingila, inda hukumar lafiya da kanta ke ba da shawarar a sha ma'auni 400 a rana lokacin sanyi. Su ma don ƙashi da tsoka ake ba su, kuma gwajin jini ne ke nuna mai bukata.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne watannin da ake ɓatawa ana jiran ƙwaya ta yi aiki, ainihin dalilin kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Goro da shayi da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafin, kuma rabin abin da aka sha yana nan cikin jini bayan awa 5. Munshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa ciwo ne da ke da alaƙa da hawan jini. Ƙafar da ke hana mutum sukuni da dare sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Ga kuma damuwa, wadda da yawanmu ke jin nauyin ambata ko a gaban likita. Tun 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce matakin farko ga rashin barci mai naci shi ne horon gyara ɗabi'a da tunani: tashi a lokaci guda kullum, barin gado idan barci ya ƙi zuwa, rage barcin rana. Wanda ya kai wata 3 yana wannan fama, ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa na mako 2, da abin da yake ci da sha bayan la'asar, ya kai wa likita takardar kafin ya taka ƙofar kemis.